Shin Wanda Aka Zalunta Yana da Izinin Ƙara Gishiri?

A Harobanda, can hayin kogin Isa inda Jami'ar Abdou Moumouni take, ɗalibi da labari yake kwana, da labari yake tashi. Ko an saki kuɗin tallafin karatu, ko malamai za su shiga yajin aiki, ko an ɗage jarrabawa, ko an kafe sakamako a allo, ko motocin jami'a za su fito gobe. Ba son tsegumi ke sa shi baza kunne ba. Yaron da ya taso daga Tasawa ko Ƙonni ko Gure ba shi da kowa a Yamai sai abokan ɗaki, kuma abin da zai ci a ƙarshen wata, da ranar da zai leƙa gida, da shekarar da zai kammala, duk a wuyan waɗannan labarai suke rataye. Haka abin yake a ƙananan makarantun gaba da sakandare da suka cika birnin, na gwamnati irin makarantar horar da 'yan jarida, da masu zaman kansu da ke ba da shaidar BTS cikin shekara biyu, inda magana guda cewa hukuma ba ta amince da takardar makaranta kaza ba ta isa ta hana iyaye da yawa barci. A irin wannan wuri tambayar da ta shafi addini da hankali ba ta da wuyar ganowa: idan mutum yana da gaskiya a kan kukansa, an danne masa hakki, an bar shi cikin duhu, shin ya halatta ya yaɗa abin da bai tabbatar ba, ko ya ƙara wa abin da ya faru gishiri, domin a ji shi? Amsata ita ce bai halatta ba, kuma wanda aka zalunta shi ya fi kowa asara idan ya yi hakan.

A duba yadda abin ke tafiya. Bayan sallar isha'i samari na zaune a fada, butar shayi na kan gawayi, ana jiran zagaye na biyu. Sai wayar ɗaya ta yi ƙara: saƙon murya na minti ɗaya da rabi a wani zauren WhatsApp na 'yan tsangaya. Muryar ba ta faɗi sunanta ba. Ta yi sallama, ta kira jama'a kamarad, ta ce labari ya zo daga majiya mai tushe cewa an kama ɗalibai a bakin gada, an ji wa wasu ciwo, har ana cewa ɗaya ya cika, don haka kowa ya tura wa na kusa da shi. Mai wayar bai tambayi wace majiya ba. Ya danna, ya tura zaure uku. Kafin a zuba shayi na uku saƙon ya kai Maraɗi, wata uwa ta ji shi a wayar maƙwabciyarta, ta shiga kiran ɗanta da wayarsa ta mutu saboda rashin caji. Idan gari ya waye aka gane kamen gaskiya ne amma mutuwar ƙanzon kurege ce, babu wanda zai sake yin saƙon murya ya ce a yafe masa. Wanda ya tura kuwa hankalinsa kwance, domin a ganinsa bai ƙirƙira ba, yadda ya samu haka ya miƙa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rufe wannan ƙofa tun da wuri, a hadisin da Imam Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa, wanda ma'anarsa ke nuna cewa faɗin duk abin da kunne ya jiyo ya wadatar a lissafta mutum cikin maƙaryata.

Kafin a ɗora wa ɗalibi nauyi, adalci ne a faɗi halin da yake ciki. An buɗe wannan makaranta a 1971 a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi, ta zama jami'a bayan 'yan shekaru, aka sa mata sunan masanin kimiyyar hasken rana Abdou Moumouni Dioffo bayan rasuwarsa a 1991. An gina ta domin 'yan dubbai, yau dubun dubata ke cikinta. Wanda ke son kujera a babban ɗakin lacca sai ya yi sammako, wanda ya makara ya ɗauki darasi ta taga. Kuɗin tallafi kan yi watanni bai fito ba. Shekarun karatu kan hau juna saboda yajin aiki, digirin shekara uku ya ci huɗu ko biyar. Buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, da na Agadas da Diffa da Doso da Tilaberi daga baya, ya rage cunkoso amma bai kashe shi ba. Duk wanda zai yi wa ɗalibi wa'azin tsare harshe ba tare da ya amsa cewa kukan nan na gaskiya ne ba, ya zama ɗan koren mai mulki ko da bai yi niyya ba.

Shari'a ma ta amsa wannan kuka. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah ya bayyana cewa ba ya son bayyanar da mummunar magana, sai ya keɓe wanda aka zalunta. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum a bayan idonsa ba ya zama giba, na farkonsu kuwa shi ne kai ƙarar zalunci. Saboda haka ɗalibin da ya tsaya a taron gangami ya ce wata kaza ke nan ba a biya mu ba, ga ofishin da ke riƙe da takardunmu, bai yi zunubi ba, hakkinsa ya karɓa. Amma izinin nan iyakarsa abin da ya faru. An ba shi damar ɗaga murya, ba a ba shi damar sauya adadi ba. Wata huɗu ba ta zama takwas don mai bin bashin yana jin yunwa. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta zo daidai kan wannan gaɓa, inda ta hana muminai barin ƙiyayyar wasu mutane ta ja su ga rashin adalci. Abin lura, ayar ba ta ce ƙiyayyar ba ta da dalili ba. Tana iya zama da dalili mai ƙarfi, duk da haka ba ta halatta ƙari a kan abokin gaba. Wanda ya ce jami'in tsaro ya kashe alhali duka ya yi, ya zalunci jami'in, ko da jami'in azzalumi ne a dukan da ya yi.

Akwai mai cewa ayar bincike ta Suratul Hujurat, aya ta 6, fasiƙi ta ambata, shi kuwa wanda ya turo saƙon ɗan uwa ne, tare ake sallah a masallacin jami'a, tare ake layin abinci, me zai sa a tuhume shi? Wannan hujja tana da daɗin ji, amma tarihin Madina ya rushe ta. Lokacin ƙagen da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, bayan yaƙin Banu Musɗaliƙ, munafuki Abdullahi ɗan Ubayyu ne ya hura wutar, amma waɗanda suka ɗauki maganar suka yawata da ita har da Misɗahu, wanda ya halarci Badar, da Hassanu ɗan Sabitu, mawaƙin Manzo, da Hamnatu 'yar Jahshi. Ba fasiƙai ba ne. Mutanen kirki ne da suka ji magana daga bakin da suka saba da shi. Kusan wata guda gidan Annabi na cikin ƙunci kafin Suratun Nur ta sauka, kuma zargin da surar ta yi bai tsaya kan mai ƙirƙira ba, ya haɗa da masu karɓa daga harshe zuwa harshe suna ɗaukar abin da sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Amincin wanda ya turo maka saƙo shaida ce a kan halinsa kaɗai. Ba ta gaya maka komai a kan mutum na biyar a bayansa wanda daga shi maganar ta taso. Malaman hadisi sun gane wannan, shi ya sa ba su taɓa wadatuwa da amincin mai ruwaya na ƙarshe ba, sai sun bi sarƙar mutum bayan mutum, kuma inda suka tarar da wanda ba a san ko wane ne ba, sai su raunana ruwayar komai kyan lafazinta. Majiya mai tushe wadda ba ta da suna, a ma'aunin Bukhari, majiya ce marar tushe.

Ibn Khaldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya ƙara wani abu da ya fi dacewa da zamanin waya. Da yake lissafa dalilan da ke shigar da ƙarya cikin labari, abin da ya sa a gaba shi ne ɓangaranci: idan labari ya dace da abin da rai ya riga ya karkata gare shi, sai rai ya karɓe shi nan take ba tare da tacewa ba. Ya kuma ambaci yawan amincewa da masu kawo labari, da neman kusanci ga manya, da jahiltar yadda al'amura ke gudana a zahiri. Maganinsa shi ne a auna labarin da hankali tun kafin a tambayi wa ya faɗa. Ya buga misali da masu tarihin da suka ce rundunar Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa ta kai mayaƙa dubu ɗari shida, ya tambaya wane fili zai ɗauke su, wace ƙasa za ta ciyar da su. Ɗalibin tattalin arziki ko na lissafi da ya ji an ce wani jami'i ya cinye biliyan kaza na tallafin karatu yana da ilimin da zai tambaya ko kasafin gaba ɗaya ya kai wannan adadi. In bai tambaya ba, ba don ya kasa ba ne, don labarin ya yi masa daɗi ne. A 2018 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun wallafa nazarin labarai kusan 126,000 da suka yawata a Twitter, suka gano cewa na ƙarya sun fi na gaskiya saurin tafiya da nisan zango, kuma mutane ne ke yaɗa su fiye da na'ura. Ba su gano abin da zai ba Ibn Khaldun mamaki ba.

Hujja mafi nauyi ita ce ta masu gwagwarmaya. Suna cewa mai mulki na da rediyo da talabijin da jaridar gwamnati, yana rage adadin da bai yi masa daɗi ba, yana musanta abin da kowa ya gani. In shi ya rage, mu muka ƙara, ai an yi kunnen doki, gaskiya ta tsaya a tsakiya. Wannan lissafi ne na wanda bai karanta tarihin ƙungiyarsa ba. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka fito daga Harobanda suna adawa da tsuke bakin aljihun da aka ƙaƙaba wa harkar ilimi, jami'an tsaro suka buɗe wuta a gadar Kennedy, ɗalibai uku suka rasu. A lokacin babu jarida mai zaman kanta ko ɗaya a ƙasar, babu gidan rediyo mai zaman kansa. Duk da haka abin da ya faru a gadar ya girgiza mulkin jam'iyya ɗaya. Cikin 'yan watanni jaridar Haske ta Ibrahim Cheick Diop ta fito, kafin shekara ta ƙare aka amince da jam'iyyu da yawa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 kuma aka zauna babban taron ƙasa a ƙarƙashin jagorancin malamin tarihi André Salifou, ɗalibai na ciki da muryarsu. Me ya ba wa mutum uku wannan nauyi? Suna da sunaye, suna da iyaye, suna da kaburbura, kuma ƙungiyar ɗalibai ta USN na kiran sunayen nan ɗaya bayan ɗaya kowace shekara. Babu ministan da zai iya tsayawa ya ce ba a yi ba. Adadin da aka kumbura kuwa kyauta ce ga mai musu, domin ya ishe shi ya nuna cewa an ƙara, sai ya ja zaren ya warware har da abin da yake gaskiya.

Abin da ya faru a Afrilun 2017 ya ƙara fito da wannan fili. Ranar 10 ga watan aka yi arangama tsakanin ɗalibai da jami'an tsaro, wani ɗalibi ya rasu, aka rufe harabar jami'a. A kan musabbabin rasuwar magana ta rabu biyu, hukuma ta ce faɗuwa ya yi, ɗalibai suka ce gwangwanin barkonon tsohuwa ne ya same shi, aka yi ta ja-in-ja. Amma a kwanakin nan wani ɗan gajeren bidiyo ya fita, yana nuna 'yan sanda suna dukan wani ɗalibi da suka kama. Wannan bai bar wa kowa wurin musu ba. An kama 'yan sanda uku, kotu ta yanke musu hukuncin ɗauri. Maganganu nawa aka yaɗa a makon nan waɗanda yau ba wanda ke tuna su? Wanda ya kai ga alƙali shi ne wanda ba a ƙara masa komai ba. Mai ƙarfi yana iya yin ƙarya a kama shi ya ci gaba da mulki, domin ba da yardar mutane kaɗai yake tsaye ba, yana da bindiga da baitulmali. Mai rauni ba shi da jari sai a yarda da shi idan ya yi magana. Kamar ɗan tireda ne da bashin amana ke riƙe da shagonsa: ranar da aka kama shi da tauye mudu sau ɗaya, ko ya cika gobe ba mai komawa.

Sai a ce, to, tabbatarwa aikin mai hanya ne. Ɗalibi zai je ofishin ANAB, hukumar tallafin karatu, ya tambayi ranar biya a ce ya dawo gobe, zai nemi shugaban tsangaya a ce yana taro. Da me zai tabbatar? Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma nauyin wannan rabi a kan hukuma yake. Jita-jita ba ta tsira sai inda masu sani suka yi gum. Shehu Magili, wanda ya ratsa Agadas da Takedda kafin ya isa Kano, a nasihar da ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa ya yi ta nanata cewa ɓuyar shugaba daga talakawansa ita ce tushen ɓarna. Shugaban jami'a ko darektan makarantar da ya san dalilin jinkiri ya ƙi fitowa ya faɗa, yana da kaso a zunubin kowace ƙarya da ta cike gurbin shirunsa. Sai dai ɗaya rabin bai faɗi daga wuyan ɗalibi ba. Ba a ce sai ya san komai kafin ya buɗe baki ba. An ce ya faɗi maganarsa da gwargwadon saninsa. Na gani da idona daban, wane ya gaya mini kuma shi ya gani daban, ana faɗa amma ban tabbatar ba daban. Imam Malik, wanda mazhabarsa aka fi bi a ƙasar nan, a Muwaɗɗa yakan bambanta abin da ya karɓa da cikakkiyar sarƙa da abin da ya iso masa kawai, kuma ya shahara da amsa tambayoyi masu yawa da cewa bai sani ba. Wannan ba ya buƙatar mota ko katin ɗan jarida. Abin da yake buƙata shi ne mutum ya yarda labarinsa ya rage armashi.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masu ɗaukar ayoyin nan su mayar da su takunkumi. Sukan ce tunda harshe haɗari ne, ɗalibi ya kama karatunsa ya yi shiru, ya bar wa manya, yaɗa laifin hukuma fitina ce. Sukan kawo aya ta 83 ta Suratun Nisa'i, wadda ta zargi masu yayata labarin aminci ko na tsoro maimakon mayar da shi ga ma'abota al'amari. Ayar gaskiya ce, amma abin da ta nema shi ne a kai labari ga masu iya tantance shi, ba a binne shi ba. Littafin da ya yi umarni da bincike shi ne ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 283, mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Wajibi ɗaya ne mai fuska biyu: kada ka faɗi abin da ba ka sani ba, kada ka ɓoye abin da ka sani. Wanda ya ɗauki fuska guda ya bar guda ya yi wa nassi yankan son rai. Wannan ya shafi doka ma. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa bayanan da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a, lafazi mai faɗin da gaskiya ma kan iya faɗawa cikinsa, kuma an tsare 'yan jarida a ƙarƙashinta. Gwamnati na da hakkin yaƙar ƙarya, musamman a ƙasar da ke fama da 'yan bindiga a iyakokinta. Amma dokar da ke tsorata mai gaskiya ya sa sunansa ba ta rage jita-jita, ƙara ta take, domin tana kore magana daga bakin mai suna zuwa muryar da ba a san mai ita ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne mutunci, musamman na 'yan mata. Ɗaliba ta ci jarrabawa da maki mai kyau, sai a ji raɗa cewa ba da kanta ta samu ba. An ga ta sauka daga wata mota, sai hoto ya shiga zaure da ƙarin bayani. A garin da maganar aure ke iya rushewa da jimla guda, kuma uba a ƙauye ke iya cewa ta tattaro kayanta ta dawo, wannan ba wasan yara ba ne, yanke wa mutum rayuwa ne. Shari'a ta ɗora wa mai ƙazafi shaidu huɗu, in ya kasa bulala tamanin, kuma a daina karɓar shaidarsa. Kiristocin da ke zaune a aji ɗaya da mu suna da haramcin shaidar zur a kan maƙwabci cikin dokoki goma. Amma a nan ma fuska ta biyu na nan. Ɗalibar da wani malami ya matsa wa da neman lalata a bakin maki, ita ce ainihin wadda aka zalunta da aya ta ba izinin magana, kuma wanda ya ce ta rufa asiri ya taya azzalumi. Abin baƙin ciki, yawan ƙage shi ke kashe ƙararta. Inda aka saba jin an ɓata kowa, ranar da mai gaskiya ta zo da kukanta sai a ɗauka irin na kullum ne.

Gwajin da ya fi kowane wuya shi ne labarin da laifin yake namu. A farkon 2018 malaman jami'ar, a ƙarƙashin ƙungiyarsu SNECS, suka dakatar da koyarwa na makonni bayan cin zarafin wani malami da aka danganta ga 'yan CASO, sashen ƙungiyar ɗalibai mai kula da tsari a harabar. Ba nufina in sake shari'ar wannan rikici ba. Tambayar ita ce, a irin wannan rana, zaurukan da ke saurin yaɗa laifin ɗan sanda suna yaɗa laifin kamarad da irin wannan sauri? Suratun Nisa'i, aya ta 135, ta nemi a tsayar da shaida domin Allah ko da a kan kai ne, ko iyaye, ko dangi. Haɗin kai abu ne mai daraja, da shi ɗaliban Nijar suka samu kusan duk abin da suka samu tun kafa USN a 1960. Amma haɗin kan da ke buƙatar a rufe ido daga laifin ɗan gida ya koma irin ɓangarancin da ake zargin masu mulki da shi, kuma waɗannan ɗalibai su ne ministoci da alƙalai da kwamishinonin 'yan sanda na gobe. Wanda ya koyi kare nasa da ƙarya yana shekara ashirin ba zai manta darasin ba idan ya hau kujera.

Daga nan nake ganin cewa samar da labari mai suna a makarantun nan farilla ce ta kifaya, wadda idan babu mai yi kowa ya shiga laifi. Nasiha ga ɗaiɗaikun mutane ba ta isa, domin mai jin ƙishin labari zai sha duk abin da ya samu. Ana buƙatar wuri sananne, jarida ce ta bango, ko shafi, ko shirin rediyo na rabin awa, wanda ɗalibai ke gudanarwa, kowane labari da sunan marubucinsa a ƙasa, a nemi jin ta bakin wanda ake zargi kafin a buga, a kuma ware gurbi na dindindin inda ake cewa jiya mun yi kuskure, ga daidai. Kayan aikin ba su yi nisa ba. Makarantar horar da 'yan jarida na cikin gari tana yaye matasan da aka koya wa wannan sana'a, Studio Kalangou tun 2016 yana nuna cewa ana iya haɗa labari tsararre cikin harsunan ƙasa a Yamai. Harshen kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Sanarwar hukumar jami'a da Faransanci take fita, iyayen da ke biyan kuɗi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek suke ji, kuma a tsakanin takardar da kunnen uwa ne mai ƙarin gishiri ke samun wurin zama. Abdou Moumouni da kansa, a littafinsa kan ilimi a Afirka na 1964, ya yi kira da a ba harsunan gida matsayinsu a makaranta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya tun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Babu dalilin da zai sa jami'ar da ke ɗauke da sunan ɗan Tasawa ta kasa fitar da shafi biyu da Hausa kowane mako.

Za a ce irin wannan jarida ko hukuma ta saye ta, ko ƙungiya ta mamaye ta, ko a rufe ta ranar da ta taɓa babba. Duk ukun na iya faruwa, kuma ba a rasa misalinsu a tarihin jaridun ƙasar nan ba. Amma jaridar da aka saye ana iya gane ta a kira editanta da suna a tuhume shi, wadda aka rufe kuma rufewar kanta labari ne da kowa zai gani. Saƙon murya marar suna ba a iya tuhumarsa, ba a iya gyara shi, ba shi da ranar da zai ji kunya. Kirana ga shugabannin UENUN, ƙungiyar ɗaliban jami'ar, da na ƙungiyar ɗalibai Musulmi da takwarorinsu Kirista shi ne su zauna su fitar da ƙa'ida guda da za a karanta a babban taro: duk sanarwar da ba ta da sunan mai ita ba ta ƙungiya ba ce, kuma kada a tura ta. Limaman masallatan jami'a su ware huɗuba kan Suratun Nur a farkon kowace shekarar karatu, lokacin da sababbin ɗalibai ke shiga zauruka. Shugabannin jami'a da daraktocin makarantu kuma su riƙa kafe ranar biya da dalilin jinkiri a allo, da sa hannunsu, cikin harshen da iyaye ke ji, tun kafin a tambaye su.